Yadda ake saita injakta bayan an sa wa babbar mota sababbin nozul

A ƙarshen kakar bara wani direban tifa ya shigo garejinmu a nan Jega da tsohuwar Benz mai silinda shida, hayaƙi na bin sa kamar an cinna wa taya wuta. Yashi yake ɗebowa daga bakin gulbi. Ko kashe motar bai yi ba ya leƙo ta taga ya ce, "Maigida, motag ga na sa mata nozul manya amma ƙarfi bai zo ba. A ƙara buɗe min mai." Na ce masa ya kashe ta tukuna mu gani. Da muka bincika, ashe an riga an buɗe mata mai har sau biyu a wani wurin. Nozul biyu daga cikin shidan suna ɗiga, taimin, wato lokacin shigar mai, ya yi latti, iyakilina kuwa, matatar iskar injin, ta toshe da ƙurar hunturu har ba ka ganin takardarta. A ƙarshe rage man muka yi, kuma a ranar ta hau gangaren gulbi da cikakken lodi ba tare da an sauka zuwa giya ɗaya ba.

Saboda irin wannan nake son in shimfiɗa aikin daki-daki. Sirrinsa yana cikin jerin yadda ake bin sa. Kusar mai, wato wadda ke ƙara ko rage man da ke shiga injin, ita ce abu na ƙarshe da ake taɓawa, amma ita mutane ke fara kai wa sifana.

Bari mu fara daidaita suna. Abin da muke kira injakta a gareji shi ne famfon da ke tura gas da ƙarfi zuwa kowace silinda. Nozul kuma shi ne bakin da ke fesa gas ɗin a kan fistin. Injakta ke yanke yawan man da zai shiga da lokacin da zai shiga. Nozul aikinsa shi ne yadda man zai watsu. Duk wanda ya taɓa goya famfon feshi a gonar shinkafa ya san wannan: idan ramin bakin ya yi faɗi, maganin fitowa yake kamar yayyafi mai kauri, ya jiƙa wuri ɗaya; idan ramin daidai ne, sai ya tashi kamar hazo ya rufe ganye. Gas ma haka yake. Wanda ya zama hazo shi ke ƙonewa tas. Mai kaurin shi ne baƙin hayaƙin da kake gani a salansa. Shi ya sa nozul mai manyan ramuka ba ya kawo ƙarfi shi kaɗai, sai an samu iskar da za ta ƙone man da famfon da aka saita ya dace da shi.

Gane irin injaktar da ke motarka

Yawancin manyan motocin da ke bin hanyar Jega zuwa Koko da Yauri injaktar layi gare su, wadda bututun ƙarfe ke fitowa a jere a samanta, kowace silinda da fulanjarta, wato 'yar sandar ƙarfen cikin famfon da ke tura mata gas. Ita ce a jikin Benz 911 mai injin OM352, irin waɗanda kamfanin ANAMMCO ya riƙa haɗawa a Inugu, da tsofaffin MAN da DAF, da Howo masu injin WD615 na gargajiya, wanda asalin zanensa na Steyr ne. Kamfanin Bosch ya fara ƙera irin wannan famfo da yawa tun 1927, kuma har yau tsarinsa bai canza sosai ba. Akwai kuma injakta mai juyi, irin Bosch VE da takwarorinta na Denso da Zexel, wadda bututunta ke fitowa a zagaye ta baya. An fi samunta a ƙananan motocin ɗaukar kaya. Sai ta uku, ta sababbin motoci mai aiki da kwamfuta, wadda zan taɓa a can gaba don hukuncinta daban ne.

Nemi ƙaramin allon ƙarfen da ke jikin famfon, ka goge shi, ka ɗauki hoton lambobin da wayarka. Haka ma lambar injin. Da waɗannan lambobi ne ake gano awon da masu ƙera motar suka tsara. A wasu injinan za ka ga digirin taimin da tazarar bawul a rubuce a kan murfin bawul ko a allon injin.

Nozul ɗin da kansu

Kafin a je ga famfo, a tabbata abin da aka ɗaura shi ne ya dace da injin. A jikin kowane nozul akwai rubutu. Idan ka ga DLLA sannan lamba kamar 150 ta biyo baya, wannan lambar faɗin feshin ce da digiri. Kan fistin yana da rami kamar ƙoƙo, kuma an tsara feshin ya faɗa cikin ƙoƙon nan. Idan ka sa nozul mai wani faɗin daban, man zai riƙa dukan leɓen fistin ko bangon silinda, ya wanke baƙin man da ke jikin bangon, ringi ya fara ci. Babu saitin injaktar da zai gyara wannan. Mai shago zai iya ce maka ai ya shiga daidai. Shiga daban, dacewa daban. Kwatanta rubutun tsohon da na sabon harafi da harafi, kuma idan da gangan ka nemi mai manyan ramuka, to faɗin feshin da yawan ramukan su kasance irin na asalin.

Daga nan sai na'urar gwajin nozul, wato famfon hannun nan mai agogon matsi. Kada ka yarda a ɗaura nozul ba a gwada shi ba, ko da daga kwali aka ciro shi. Abu uku ake dubawa. Na farko matsin da yake buɗewa. Yawancin injinan gargajiya na manyan motoci suna buɗewa ne tsakanin bar 175 da 250 (bar shi ne ma'aunin matsi a agogon), kowane da nasa awon, kuma awon injinka za ka bi. Abin da ya fi awon kansa muhimmanci a wurina shi ne daidaito: duka shidan su buɗe kusa da juna, ni ba na barin bambanci ya wuce bar 5. Wanda ya buɗe da wuri zai riga sauran fesawa, silindarsa ta riƙa ƙwanƙwasa. Ana daidaita matsin da sirarar washa da ake sa wa a bayan sifirin, ko da kusa a wasu tsofaffi. Washar nan ko ta milimita 0.05 ce tana motsa allurar agogon, don haka a bi a hankali.

Na biyu ɗiga. Ka ɗaga matsin zuwa bar 20 ƙasa da inda yake buɗewa, ka riƙe shi daƙiƙa 10. Idan ɗigo ya taru a bakin har ya faɗo, nozul ɗin bai yi ba. Na uku kamannin feshin: kowane rami ya fitar da hazo iri ɗaya, da 'yar ƙarar nan ta "kirrr" idan ana danna hannun a hankali, ba tare da wani rami yana tsarto kamar tiyo ba.

A nan ina roƙon duk mai yara a gareji ya ja kunnensu. Feshin nozul yana huda fata. Ramin ba ya fin tsinin allura, ba jini sosai, yaro zai goge hannu ya ci gaba da aiki, amma gas ya riga ya shige cikin nama yana kashe shi. Wanda haka ta same shi a kai shi asibiti a take, a gaya wa likita gas ne ya shiga da matsi. Ba abin jiran gobe ba ne.

Wajen ɗaurawa, a leƙa ramin da tocila a tabbata tsohuwar washar jan ƙarfe ta fito. Sau da yawa takan maƙale a ciki, a ɗora sabuwa a kanta, nozul ya koma sama, feshin ya kauce wa ƙoƙon fistin. Sabuwa guda ɗaya tak, mai kaurin asali. A ɗaure notocin biyu bi da bi don kada ya karkace.

Iska, mai da bawul

Wannan matakin ba shi da wahala, amma tsallake shi kamar a yi tuya ne a manta da albasa. Canza iyakilina idan ta gaji. Busa ta da iska yana taimakawa sau ɗaya ko biyu, bayan haka takardar ta riga ta mutu, kuma mu da ke fama da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu mun fi kowa sanin haka. Canza filtar gas, zubar da ruwan da ya taru a gindinta, duba 'yar ragar da ke jikin famfon jawo mai. Duba bawul ɗin rarar mai da ke jikin injakta, domin idan sifirinsa ya saki, matsin cikin famfon zai faɗi, motar ta rasa ƙarfi a sama kamar mai ya yi mata kaɗan. Saita tazarar bawul injin yana sanyi. Idan injin yana busa hayaƙi da yawa ta bututun numfashi, ko yana shan baƙin mai, to matsin cikin silindarsa ya tafi. A gyara wannan tukuna.

Gas ɗin da za a yi saitin da shi ma a sayo shi a gidan mai da aka amince da shi. Wanda aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da fulanja ke buƙata, kuma saitin da aka yi da shi ba zai tsaya ba.

Kafin sifana ta taɓa komai a jikin famfon, yi alama. Ja layi da ƙusa daga gindin famfon zuwa jikin injin. Auna tsawon kowace kusar saiti da ya fito waje, ka rubuta a littafi. Idan aiki ya rikice, nan za ka dawo.

Taimin

A nan ne aikin yake, kuma a nan nake son mai karatu ya fi natsuwa. Taimin shi ne lokacin da famfo ke fara tura mai, kuma yakan fara ne 'yan digiri kafin fistin ya kai ƙololuwa. Idan ya yi latti, motar za ta yi wuyar tashi da safe, ta yi farin hayaƙi mai yaji a ido, salansa ta yi zafi, ƙarfi ya ragu. Idan ya yi sauri, za ka ji ƙarar ƙarfe kamar ana buga guduma a ciki, kuma gaskit da biyarin ne ke shan wahalar. Sababbin nozul da ke buɗewa a matsi sama da na tsofaffin da suka gaji sukan ɗan jinkirta fara feshi, shi ya sa dole a sake auna taimin ko da ba a taɓa famfon ba.

Ga injaktar layi, hanyar ɗigo ita ce wadda na fi yarda da ita, kuma ba ta buƙatar kayan tsada. Wanke saman famfon tas, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce fulanja. Cire murfin bawul. Juya injin da hannu ta inda yake juyawa idan yana aiki, har ka ga bawul biyu na silinda ta shida suna rawa, ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa. A injin mai silinda shida a jere, mai jerin wuta 1-5-3-6-2-4, wannan na nufin silinda ta ɗaya tana ƙololuwar matsi. Yanzu koma baya da injin kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka wuce alamar taimin sosai.

Kwance bututun ƙarfe na silinda ta ɗaya. Kwance marikin dilibari bawul (bawul ɗin da gas ke bi ya fita daga famfon) da ke ƙarƙashin bututun, ka zare ɗan bawul ɗin da sifirinsa, ka ajiye su cikin gwangwani mai tsabtataccen gas. Mayar da marikin, ka ɗaura masa guntun tsohon bututu da aka lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, an yanke bakinsa a karkace. Ɗaure hannun totur a buɗe, ka tabbata sandar kashe mota ba a ja take ba. Sa yaro ya riƙa danna famfon hannu ba tsayawa. Gas zai riƙa zuba ta bakin guntun bututun.

Sai ka fara juya injin gaba, kaɗan-kaɗan, da doguwar sanda don hannunka ya samu iko. Idonka a kan zubar. Za ka ga ta fara sirancewa, sannan ta koma ɗigo, kamar ɗigo ɗaya a daƙiƙa. Tsaya nan. Wannan ne daidai inda fulanja ta rufe ƙofar mai ta fara turawa. Je ka duba alamar da ke jikin filawil, babban faifan ƙarfen bayan injin, ko a faifan gaban injin, ka karanta digirin, ka kwatanta da na allon injin.

Idan ka wuce wurin, kada ka ɗan dawo baya kaɗan ka karanta. Haƙoran giya suna da 'yar tazara a tsakaninsu, kuma za ta yaudare ka. Koma baya sosai ka sake tahowa gaba. Ni sau uku nake maimaitawa, sai na samu amsa ɗaya sannan na yarda.

Idan akwai gyara, tsayar da injin daidai kan digirin da ake so. Sassauta notocin da ke riƙe da famfon, da sauran bututun ƙarfen don kada su ja shi su mayar. Juya jikin famfon a hankali yaro na danna famfon hannu, har zubar ta koma ɗigo. Ka'idar ita ce: juya jikin famfo saɓanin yadda sandar cikinsa ke juyawa yana sa taimin ya yi sauri, juya shi tare da ita yana sa ya yi latti. A motocin da famfon ke zaune daram a kan kujerarsa, irin wasu MAN da Howo, a mahaɗar da ke tsakanin injin da famfo ake gyaran, inda ramukan notocin suke da tsawo. Ka tuna famfo rabin gudun injin yake yi, don haka digiri ɗaya a famfo digiri biyu ne a filawil. Motsin da ido da ƙyar yake gani ya isa. Ɗaure, ka sake aunawa daga farko, domin ɗauri kansa yakan motsa shi.

Mayar da dilibari bawul da sifirinsa, ka ɗaure marikin da sifana mai awon ɗauri. Wannan wurin ba na nuna ƙarfi ba ne. Ɗaurin da ya wuce kima yana matse gidan fulanja, sandar rabon mai ta cije, kuma sandar da ta cije a buɗe ita ce ke sa injin ya gudu ya ƙi tsayawa.

Ga injakta mai juyi, agogon awo ake amfani da shi. Ana kwance ƙaramin notin da ke tsakiyar bututun a bayan famfon, a ɗaura agogon, a koma baya da injin har allurar ta daina motsi, a mayar da ita sifili, sannan a taho gaba zuwa alamar ƙololuwa a karanta yawan milimitar da fulanja ta taso. Littafin injin ke faɗin adadin.

Shawarata a tsaya kan awon asali. Masu son ƙara sauri, digiri ɗaya ko biyu ne iyaka, kuma sai bayan an gwada motar da lodi an ji ta da kunne. A zafinmu na Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, injin da aka yi wa taimin mai sauri ba ya yafiya.

Benci

Idan famfon ya daɗe rabonsa da benci, wato na'urar da ake ɗora shi a gwada shi, ko an canza girman nozul sosai, a cire shi a kai wa masu kalibireshin. A can ake auna man da kowace fulanja ke bayarwa cikin gilasai masu awo, a daidaita su, a kuma tabbata tazarar da ke tsakanin turawar kowace da mai bi mata digiri 60 ce a famfo mai shida. Wannan aikin ba ya yiwuwa a jikin mota. Tafi da lambar famfon da ta nozul ɗin da ka sa, ka tsaya ka ga gilasan da idonka a gudun silo (gudun injin ba a taka totur ba) da na cikakken lodi, ka ce a rubuta maka adadin. Idan za a kai benci, a fara da shi, sannan a yi taimin bayan an mayar da famfon.

Kusar mai

Yanzu ne aka iso inda direba ya so a fara. Cire iskar da ke cikin layin mai, ka tayar da motar. Amma kafin a murza makulli, kwance robar da ke kai iska cikin injin, ka sa mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako mai kauri a hannu. Idan injin ya ɗauki gudu ya ƙi jin makulli, katakon nan za a kifa a bakin iskar, ya shaƙe ya mutu. Ba a sa tafin hannu, ba a sa tsumma, domin zai haɗiye shi. Na taɓa ganin injin ya gudu a wani gareji sa'ad da nake yaron koyo. Kowa ya watse, ƙarar ta cika unguwa, kafin minti biyu sandar fistin ta fasa bulo ta fito. Tun ranar katako ba ya barin gefen bencina.

Bari injin ya yi zafin aiki. Saurari silo. Idan yana rawa, sassauta notin bututun kowace silinda ɗaya bayan ɗaya, da tsumma a rufe a kai. Wadda aka sassauta amma sautin bai canza ba, ita ce ba ta aiki daidai.

Kada ka taɓa kusar tukuna. Ɗora wa motar lodin da ta saba ɗauka, buhunan shanshera ne na zuwa injinan casa na Argungu ko Birnin Kebbi, albasar Aliero ce, ko yashi, ka nemi hawa guda ɗaya da ka sani, ka hau shi totur a ƙasa. Wani ya bi ku a babur yana kallon salansa, domin madubi ba ya nuna gaskiyar hayaƙi. Idan an taka totur ɗan hayaƙi ya fito sannan ya washe, lafiya. Idan baƙi ne ya ɗore har ƙarshen hawan, man ya fi iskar yawa, ragewa za a yi. Da manyan nozul wannan shi ne abin da aka fi samu.

Kusar mai ɗin, wadda ake kira kusar cikakken lodi, tana jikin gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, a bayan injaktar layi, yawanci da hatimin darma ko hula a kanta. Ɓangaren da ake juya ta ya bambanta daga gwamna zuwa gwamna, don haka a tabbatar kafin a murɗa. A injakta mai juyi irin VE, shigar da ita ciki ƙari ne, fito da ita ragi, kuma tana da saurin ji: ɗan ƙari kaɗan zai ɗaga silo, injin ya riƙa jinkirin sauka idan an saki totur, wanda alama ce ta an kusa bakin haɗari. Ko wace iri ce, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ake juyawa a lokaci guda, in ya yi yawa kwata. A ɗaure notin kulle, a koma hawan nan da lodin nan, a giyar nan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta. Yini guda yakan tafi a haka, kuma ya cancanta.

Idan mai motar zai iya, ya sayi agogon zafin hayaƙi. Ana dasa tsinkensa a manifol, bututun da ke tara hayaƙin injin, kafin turbo, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska. Iyakar da ni nake bi ita ce kada ya zauna sama da digiri 650 a doguwar hawa. Fistin na alminiyom ne, shi kuwa alminiyom a wajen digiri 660 yake narkewa; baƙin mai da ruwa ne ke sanyaya shi, amma ba su da ikon yin hakan har abada. Idan tsinken yana bayan turbo, karatun zai yi ƙasa da na gaskiya da digiri 100 ko fiye. Wajen huda manifol a kula kada ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa cikin turbo. Agogon ruwan lagireto ba ya maye gurbin wannan, domin kafin shi ya motsa fistin ya riga ya sha wuya. Motar da za ta bi tuddan ƙasar Zuru da kaya ta fi kowace buƙatar wannan agogon.

Mai turbo

Injin mai turbo yana da wata 'yar tukunya a jikin injakta, da siririn bututun iska da ya taho daga manifol ɗin shiga. A cikinta akwai fatar roba da sifirin. Aikinta shi ne ta riƙe mai har sai turbo ya cika iska, sannan ta sake shi. Idan bututun ya tsage ko fatar ta huje, famfon ba zai taɓa bayar da cikakken mai ba, motar ta zama kamar an ɗaure mata ƙafa. Mutane da yawa sun buɗe kusar mai saboda bututun da bai kai kuɗin kwanon abinci ba, ranar da wani ya gyara bututun kuma sai man ya yi ambaliya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Duba shi da ruwan sabulu, duba robobin iska da na'urar sanyaya iskar gaba ɗaya.

Idan hayaƙin a tashin farko ne kawai, kafin turbo ya ɗauka, a sama kuma tsaf yake, to a wannan tukunyar gyaran yake. Kusar samanta ke tsara man da ake bayarwa kafin iska ta zo. A ita za a rage, a bar kusar cikakken lodi yadda take.

Bayan an gama da mai sai a saita silo zuwa awon injin, inda sitiyari da madubi ba sa kakkarwa. Kusar iyakar gudu kuwa a bar ta da hatiminta. Ba ta ƙara jan kaya, kuma ita ce katangar da ke tsakanin injin da fashewa.

Motoci masu kwamfuta

Idan motarka irin kwamon rel ce, mai dogon bututu guda da wayoyi a kan kowane nozul, duk abin da na faɗa game da kusa da ɗigo bai shafe ta ba. Matsin cikinta yakan kai bar 1,600 ko fiye, don haka ba a sassauta bututunta injin na aiki. A yawancinsu kowane nozul yana da lambobi a kansa waɗanda ake shigar wa kwamfutar motar da na'urar bincike, kowace lamba a silindarta. Ɗauki hoton lambobin kafin a ɗaura, ka nemi mai na'urar da ta san irin motarka.

Mako guda bayan aikin

Ka ce wa direba ya dawo da ita bayan tafiya biyu ko uku. Zare sandar awon baƙin mai: idan ya ƙaru, ko ya tsinke yana warin gas, akwai nozul mai ɗiga ko layin rarar mai da ke zuba a ciki, kuma a tsayar da motar har a gano shi. Duba gindin kowane nozul ko akwai baƙin kwalta da ke nuna washa na busawa. Taɓa notocin famfon, duba layin da ka ja da ƙusa ko ya goce. Tambayi direba yadda take tashi da asuba.

Sannan awon shan mai. A cika tanki har baki, a yi tafiyar da aka saba, misali Jega zuwa Yauri da dawowa da lodi, a sake cikawa a famfo ɗaya, a rubuta litar da ta shiga kusa da ta kafin aikin. Idan komai ya zauna, a sa ɗigon fenti a kan kusar mai da ta gudu da notocin famfon, a rubuta digirin taimin da matsin nozul da kwanan wata a takarda, a saka ta cikin leda a ajiye a aljihun gaban mota tare da takardunta.